Barry Bonds da Zauren Gwaraza na Cooperstown: a buɗe masa ƙofa ko a bar shi a waje?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Jiya bayan mun fito daga filin Yankees, ƙungiyar besbol ta nan New York, muna tsaye a tashar titi na 161 muna jiran jirgi, Kawu ya faɗi wata magana da na kwana ina juya ta. Ya ce ko shi aka damƙa wa makullin Zauren Gwarazan besbol da ke Cooperstown, ba zai buɗe wa Barry Bonds ba. Ni kuwa a ganina an zalunci mutumin nan. Sau 762 ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, ba wanda ya kamo shi a babbar gasar Amurka. A kakar 2001 kaɗai ya yi 73. Sau bakwai ana zaɓensa gwarzon ɗan wasa na shekara. In zauren na gwaraza ne, ina za a kai wannan?

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ina nan a kan bakana. Lissafinka daidai ne, amma duba lokacin da aka tara shi. Kafin 2001 bai taɓa wuce 49 a kaka ɗaya ba, sai ga 73 a shekarar da ya cika 37, shekarun da gwiwa ke fara ciwo hannu ya yi nauyi. Ruwa ba ya tsami banza. A 2003 hukuma ta kai samame kamfanin BALCO a Kalifoniya, wanda ake zargi da raba wa 'yan wasa ƙwayoyin ƙara kuzari, mai horar da Bonds Greg Anderson na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Shi kansa Bonds ya amsa cewa ya yi amfani da wani ruwa da wani man shafawa da Anderson ya ba shi, wai ya ɗauka man tsirrai ne da maganin ciwon gaɓoɓi. Ina tuƙa tasi a garin nan a shekarun, rediyo a kunne dare da rana, na bi maganar tun daga tushe.

Auta: Kawu, a yi mini haƙuri in sa baki. A ce mun yarda da duk abin da ka faɗa, mu goge komai daga 1999 zuwa sama, tunda daga nan ake zarginsa. Zuwa ƙarshen 1998 yana da bugun tsallake katanga 411, ya saci zango 445 (wato ya ruga zango na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba), ya zama gwarzon shekara sau uku, ya ci kyautar Safar Zinare ta masu tsaron fili sau takwas. Ba wanda ya taɓa haɗa ɗari huɗu da ɗari huɗu kafin shi. A watan Mayun 1998 ma, ƙungiyar Arizona na gaban ƙungiyar Bonds da ci 8 da 6 a zagaye na tara, zangunan uku duk a cike, Bonds ya fito da sanda. Kocinsu Buck Showalter ya ce kada a jefa masa ƙwallon da zai iya bugawa, a bar shi ya taka zuwa zango na farko. Da gangan suka ba da maki ɗaya don kada ya kwashe huɗu. Tun yana siriri ake tsoronsa haka.

Kawu: Auta, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Allah ya ba shi abin da bai ba kowa ba, bai ishe shi ba.

Malam: Bari in kawo ƙa'idar, don mu san a kan me muke gardama. Ƙungiyar marubuta labarin besbol ce ke zaɓe. Sai ɗan wasa ya yi shekara biyar da ajiye sanda sunansa ke hawa takarda, yana buƙatar kashi 75 cikin ɗari, kuma shekara goma yake da ita. A cikin sharuɗɗan an ce a duba bajintarsa, a kuma duba gaskiyarsa da halinsa. Da wannan sharaɗin aka tare Bonds: a shekararsa ta ƙarshe, 2022, ya tsaya a kashi 66, Roger Clemens, shi ma da ake wa irin wannan zargi, mai kyautar Cy Young ta gwarzon mai jefa ƙwallo har bakwai, ya tsaya a 65.2. A Disambar shekarar kwamitin mutum 16 ya sake duba su, ko ƙuri'a huɗu ba su samu ba. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, sai a 2004 hukumar gasar ta fara gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari mai ɗauke da hukunci. Bayan yajin aikin 'yan wasa na 1994 'yan kallo sun yi fushi, tseren bugun tsallake katanga na Mark McGwire da Sammy Sosa a 1998 ya taimaka wajen dawo da su, kowa ya ci riba ya kawar da kai. Bud Selig da ke shugabancin gasar a duk tsawon lokacin an shigar da shi zauren a 2017. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gwaggo: Malam, na ji batun daddawa, amma ku duka kuna ta maganar wanda aka hana shiga, ba wanda ya tuna waɗanda aka danne. Fred McGriff ya yi bugun tsallake katanga 493, ba a taɓa jin sunansa a cikin wannan ƙazanta ba. Da yake an saba ganin 60 da 70 a kaka, sai nasa ya zama kamar ba komai. Shekara goma marubuta suna juya masa baya, ko kashi 40 bai taɓa kaiwa ba, sai kwamitin nan ne ya shigar da shi da ƙuri'a 16 cif. Wa zai biya shi shekarun jiran? Ga kuma yaran ƙananan ƙungiyoyi da suka ƙi allura aka sallame su, ba wanda ya san sunansu. Ɗana shekararsa 14, kowace Asabar ni ke kai shi atisaye, da safar hannunsa yake kwana a gefen matashi. Me zan ce masa in ya ga hoton Bonds a jikin bangon nan?

Yaya Babba: Gwaggo, maganarki ta taɓa ni, ba ni da ja a kan McGriff. Amma bangon nan ba na waliyyai ba ne. Gaylord Perry ya yi suna da shafa wa ƙwallo abin da doka ta hana, an shigar da shi a 1991. David Ortiz, jarida ta ruwaito sunansa cikin waɗanda gwajin ƙwayoyi na 2003, wanda ba ya ɗauke da hukunci, ya nuna, duk da shugaban gasar ya ce sakamakon ba abin dogaro ba ne. Shi ya shiga a karon farko da kashi 77.9, a ranar da aka rufe wa Bonds ƙofa. Ortiz mai fara'a ne da 'yan jarida, Bonds kuwa ba sa ga maciji da shi. Ba a taɓa dakatar da Bonds kan gwaji ba, hukuncin da kotu ta yanke masa a 2011 na hana bincike gudana ma an soke shi a 2015.

Kawu: In an yi kuskure a baya, ba a gyara shi da wani kuskuren. Kuma kada ka ce son kai ne: Alex Rodriguez namu ne na Yankees, na yi masa tafi har hannuna ya yi ja, amma tunda aka dakatar da shi kakar 2014 gaba ɗaya kan ƙwayoyi na cire shi a raina. Wanda nake jin zafi dominsa Hank Aaron ne. Baƙar fata daga Alabama, yana dab da karya tarihin Babe Ruth na bugun tsallake katanga 714 ana aiko masa wasiƙun barazanar kisa, ya daure ya karya shi ranar 8 ga Afrilu 1974, ya tsaya a 755. Wannan lambar da guminsa ya same ta.

Malam: Akwai abin da ya kamata mu raba. Ginin Cooperstown gidan tarihi ne, a cikinsa kuma akwai zauren allunan karramawa. Gidan tarihin bai ɓoye Bonds ba: ƙwallon da ya buga ta 756 a Agustan 2007 tana can, da alamar tauraro mai nuna shakku da wanda ya saye ta ya sa aka yi mata. Allon tagulla ne kawai aka hana shi.

Yaya Babba: To a ba shi allon, a rubuta gaskiya a jiki, bajintar da zargin duka. Yaron Gwaggo ya karanta da idonsa.

Gwaggo: Yaro hoto yake gani kafin rubutu, ɗana.

Kawu: Da zai fito ya ce na yi, na yi nadama, da na sassauta.

Auta: Kawu, McGwire ya fito ya amsa amfani da ƙwayoyin a 2010, ƙuri'unsa ma raguwa suka yi. Wa zai ga haka ya buɗe baki?

Kawu: Wannan gaskiya ne, kuma marubutan ba su kyauta masa ba. Zan sake tunani a kan McGwire. A kan Bonds dai ban motsa ba.

Gwaggo: A watan Yuli ake bikin shigar da sababbi, tafiyar kusan awa huɗu ce daga nan. Kawu, in motarka za ta samu, ina so in kai yaron.

Kawu: Za ta samu in sha Allah. Mu fita bayan sallar asuba, akwai wurin mutum huɗu. Allon Aaron zan fara kai shi.