Shawarwarin masu tara tsofaffin fina-finan kaboyi marasa magana

Da masu tara fina-finan kaboyin Amurka na zamanin da fim bai fara magana ba suka zauna, abu na farko da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne wuta. Fim ɗin sinima na wancan lokaci da wani sinadari mai suna naitiret aka yi shi, in ya kama ko ruwa ba ya kashe shi cikin sauƙi. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 ta cinye yawancin fina-finan da jarumin fina-finan kaboyi Tom Mix ya yi musu. Don haka suka ce kada a ajiye fim ɗin naitiret a gida, a miƙa wa ma'adanar fim.

Mai farawa ya nemi kwafin fim mai faɗin milimita 16, shi ba ya ci da wuta haka. Amma kafin ka biya, buɗe gwangwanin ka sansana. In warin tsami ya buge ka, fim ɗin ya fara ruɓewa, kuma yana iya shafar na kusa da shi. A ajiye shi inda ke da sanyi, babu laima, kuma kada a ɗora shi a majigin da ba a gwada ba.

Abin da ya fi taɓa ni: kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace. Shi ya sa ko guntun fim ɗin jarumin kaboyi William S. Hart ba sa bari ya wuce su.