Lambun cikin kwalba: shawarwarin da aka ba masu son haɗa jari

Matasa uku ne a Kano ke son fara sana'ar dasa ƙananan tsirrai cikin kwalba don ado, suka nemi shawara. Abin da aka fi nanatawa shi ne zafi. A Maris da Afrilu yakan kai digiri 40, kuma rufaffiyar kwalba in rana ta buge ta, tsiron dahuwa yake. Don haka aka ce su fara da buɗaɗɗiyar kwalba da tsirrai masu jure ƙishi irin kaktus. Tsakuwa a ƙasa, sai garin gawayi, sannan ƙasa mai yashi, domin kwalba ba ta da hudar da ruwa zai fita. Ruwa kuwa cokali biyu ya isa. Yawansa ke ruɓar da saiwa.

Kwalabe a duba Kasuwar Sabon Gari, talla a WhatsApp da Instagram. Kai wa mai saye a adaidaita sahu sai an naɗe da kwali.

Wani dattijo ya ce: "'Ya'yana, ku rubuta jarin kowa da rabon riba a gaban shaidu tun yau." Ni ma nan na fi ba ƙarfi, kafin ma a yi maganar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni.