Enchufe: wace kalma za mu ba shi da Hausa?

Jama'a, masana Hausa, ku kawo ɗauki. Wata shida ke nan ina koyon Sifaniyanci, kuma tun ranar farko na ƙudurta littafin kalmomina ba zai ga Turanci ba: kalmarsu a hagu, tamu a dama. Makon nan muka shiga kalmomin rashin adalci, sai guda ɗaya ta tsaya mini a wuya.

Na farkon ba su ba ni wahala ba. Injusticia kowa zai ce zalunci, amma ba kullum ba. In uwa ta ba yaro ɗaya tsoka, ɗayan ƙashi, Basifaniye zai ce injusto, mu kuwa sai mu ce ba ta yi adalci ba. Zalunci yana da nauyi, akwai azzalumi, akwai haƙƙin da Allah zai bi. Don haka na rubuta duka biyun. Atropello kuwa ta faɗo daidai: asalinta mota ta take mutum, mu ma take haƙƙi muke cewa. Akwai kuma ley del embudo, wato dokar mazurari, faɗin nawa, tsukukun naka. Wannan na bar ta haka, don duk mai sayar da man gyaɗa za ta gane ta ba sai an yi sharhi ba.

Af, kun san alcalde, wato magajin gari a wajensu, da alƙali namu uwa ɗaya ta haife su? Duka daga al-ƙadi na Larabci. Su sun gaje ta daga zamanin Andalus, 711 zuwa 1492.

To ga mai taurin kan: enchufe. Malamarmu, 'yar Madrid, ba ta tsaya bayani ba. Tashi ta yi ta zare cajar wayarta daga soket, ta ɗaga mana, ta mayar, ta ce wannan ne. Asalin kalmar ke nan, abin da ake jonawa a sami lantarki. Amma in aka ce wane tiene enchufe, ana nufin ya sami aiki ko gurbi ba don cancanta ba, sai don yana da wani a ciki. Shi kuma wanda aka shigar, enchufado. A Meziko da Kolombiya palanca suke cewa, ƙarfen da ake sa wa a ɗaga abu mai nauyi. A Chile kuma pituto.

Na riga na tambayi jama'a me za mu kira ta da Hausa, ga abin da aka kawo zuwa yanzu.

Wani bawan Allah ya ce cin hanci. A'a, Malam, ba kuɗi a nan. Wancan soborno ne, 'yan Meziko na ce masa mordida, wato cizo. Enchufe kawunka ne kawai ya ɗaga waya.

Wata Hajiya daga Maraɗi ta ce alfarma. Hajiya, kin kusa, na daɗe ina juya ta. Matsalarta tana da fuska mai kyau. Ana neman alfarma a sa tsoho gaba a layin asibiti, ba wanda zai yi tsaki. Enchufe kuwa da wuya a faɗe ta ba da taɓe baki ba, domin kullum akwai wani mai takardu cikakku da aka bari a rana. Sanayya ma haka, ta yi laushi. Hanya, kamar "yana da hanya", ta yi faɗi da yawa.

Wani ƙanena ya ce mu ƙirƙiro: jone, mutumin kuma jonanne. Na yi dariya, amma na ƙi sakinta, don nan take na ga mai maƙala waya a falwaya cikin dare, wutarsa na ci, kuɗin na kan unguwa.

Sai wani dattijo ya rubuto layi ɗaya: "Ɗana, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya." Baba, ka gama magana, Allah ya ƙara girma. Abin da ya ƙara burge ni, a Hausa lantarki wuta ne, abin murhu ma wuta. Su ɗansu jone yake da wuta, mu namu uwarsa na zaune a bakinta da ludayi a hannu.

Ga abin da na rubuta. Enchufe: uwa a gindin murhu. Enchufado: mai uwa a gindin murhu. In kuwa a ma'anar Benezuwela ce, inda ɗan takarar adawa Henrique Capriles ya yi ta kiran na kusa da gwamnati enchufados a zaɓen 2013, to shafaffu da mai ne, domin can an wuce miya, an kai ga rabon kwangila.

Aikatau ne kaɗai karin maganar ta kasa ba ni. Enchufó a su hermano, ba yadda za a yi murhu ya shiga jimlar. Nan na koma wa kalmar ƙanena: ya jona ƙanensa. Da fensir na rubuta wannan, mai wadda ta fi ta ya turo.