Tara ce maganin jinkirin kwangila?

Ɗan Zariya: Jama'a, ni ina nan a kan bakana. Duk ɗan kwangilar da ya wuce wa'adi, a riƙa yanka masa tara kowane mako. Hanyar Abuja zuwa Kano an ba da ita a ƙarshen 2017, aka ce shekara 3. Har 2024 tsakanin Abuja da Kaduna ramuka ne. Ƙanina direba ne, rabin abin da yake samu a gareji yake ƙarewa.

Injiniya: Malam, tarar tana nan rubuce a kwangila tun tuni. To amma wanda kake riƙe da kuɗinsa, da wane baki za ka ci tararsa? Na yi aikin wata gada, muka gama tushe, aka zo aka auna, aka sa hannu a takardar biya. Wata 8 shiru. Rodi ya yi tsatsa, siminti ya daskare a sito, birkilolinmu suka watse neman abinci. Ranar da kuɗin suka fito damina ta sauka, rafi ya cika. Shekara ta tafi ke nan.

Ɗan Zariya: Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya sayi mota fa?

Injiniya: Akwai su, ban musa ba. Shi ya sa dokar ba da kwangila ta Najeriya ta 2007 ta ce ba a ba da kafin alƙalami sai da lamunin banki ko na inshora. Laifin wanda ya ƙi bin kuɗin ne.

Hajiya: Ku ƙara da farashi. Siminti nake sayarwa. Buhun da ke wajen naira 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024. Lissafin wa zai tsaya?

Ɗan Tilaberi: Hajiya, mu diyya ce ciwonmu. Madatsar ruwan Kandaji da ke Nijar an aza harsashinta a 2008, aka soke kwangilar kamfanin Rasha a 2013, kuma dubban mutane ne za a tasa. Manomin da ba a nuna masa sabuwar gona ba, ba zai matsa wa katafila ba.

Injiniya: Yauwa. A biya diyya, a gama zane, a ware kuɗi, sannan a kira ɗan kwangila. Sukuk ɗin 2017, wato bashin tsarin Musulunci da gwamnatin Najeriya ta karɓa, naira biliyan 100 aka ɗaure wa hanyoyi 25, ba a karkatar da su wani wuri. In an yi haka, ni ma zan goyi bayan tararka.

Ɗan Zariya: To, Injiniya, na ji. Amma a kafa allo a bakin kowane aiki, a rubuta nawa aka biya da ranar da aka biya, mu san wanda za mu tuhuma.