Odar kayan kayak ta maƙale: yadda ake ƙera relin maƙala kaya a gida

Mai Fatsa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu kwale-kwalen roba irin na kayak a nan arewa duk matsalarmu guda ce. Kwale-kwalen yana hannu, amma relin nan mai kwarmi da ake zura kan bulon a ciki don ɗaure mariƙin sandar fatsa ko na'urar gano kifi, sai an yi odarsa daga waje. Ka biya, bayan kwana uku a aiko maka saƙo cewa kaya sun yanke, ka jira. Tawa odar tana wata na huɗu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa warware irin wannan jira, ko ya ƙera relin da hannunsa har ya shiga ruwa da shi, ya ba mu awo da matakai dalla-dalla.

Hajiya Mai Oda, Ngaundere

Wa'alaikumus salam Malam. Bari in fara da ɓangaren odar. Kafin ka biya, karanta abin da aka rubuta a gefen kowane kaya, domin shago yakan karɓi kuɗi a kan abin da bai riga ya shigo rumbunsa ba. In abu ɗaya cikin goma ya yanke, shaguna da yawa sukan riƙe sauran taran har sai na goman ya iso. Rubuta musu ka ce a raba odar, a aiko abin da ke akwai, a soke wanda ya yanke. Ka nemi ranar isowa a rubuce. In suka ɗaga ranar sau biyu, karɓi kuɗinka. Wanda ya biya ta PayPal yana da kwana 180 daga ranar biya ya shigar da ƙorafi, kuma kwanakin suna tafiya ko shagon na ta ba ka haƙuri, don haka ka rubuta ranar a wani wuri.

Sai batun tsawo. Masu jigilar jirgin sama ba nauyi kawai suke aunawa ba. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 5000, duk wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi za ka biya. Kwali mai 100 da 15 da 15 ya zama kilo 4.5 ke nan, ko da abin da ke ciki bai kai kilo ɗaya ba. Kayan da suka biyo teku kuwa daga Duwala suke tasowa, jirgin ƙasa ya tsaya da su a nan Ngaundere, daga nan sai mota ta bi Garwa da Marwa zuwa Kusiri kafin a haye gadar Ngeli a shiga Chadi. Shawarata, reli a ƙera shi a gida. Abin da ya cancanci oda shi ne ƙananan da ba mu iya yi, kamar ƙwallon maƙala na'ura na kamfanin RAM da mariƙinsa.

Maƙerin Alminiyam, Marwa

Hajiya ta yi gaskiya. Ga yadda nake haɗa shi da falankin alminiyam, ba walda, ba injin tsaga. Hawa uku ne, na tsawon santimita 30.

Na ƙasa falanki ɗaya mai faɗin milimita 40, kauri 3. Na tsakiya biyu masu faɗin 15, kauri 5, a jera su hagu da dama a bar milimita 10.5 a tsakaninsu. Nan kan bulon M6, wato mai kaurin jiki milimita 6, zai kwanta, domin faɗin kansa 10 ne, tsayinsa 4, zai zame gaba da baya amma ba zai juya ba in ana ɗaure noti. Na sama biyu masu faɗin 17, kauri 3, a bar 6.5 a tsakaninsu, jikin bulon ya fito ta nan. In ba a sami mai 17 ba a sayi mai 20 a rage da zarto.

Kada a auna kwarmin da ido. A sa bulon biyu a ciki, ɗaya a kowane ƙarshe, a naɗa wa kansu takarda ninki ɗaya, a matse duka hawa ukun da maɗamki, sannan a huda su tare. Huji huɗu kowane gefe, milimita 5, na farko santimita 2 daga baki, sauran a raba daidai. Wanda ya huda kowane falanki daban, in ya zo haɗawa kwarmin zai matse a wani wuri ya buɗe a wani. Bayan haka a bi duk kusurwa da magagari har ta yi santsi, saboda cinya da igiyar fatsa za su goga a wurin.

Bulon ɗaurewa M5 mai tsawon 40, guda takwas, na inoks, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. A duba kansa, za a ga A2 ko A4. A ruwan daɗi irin namu A2 ya wadatar. Na baƙin ƙarfe mai farin shafe damina ɗaya yake yi ya fara zubar da tsatsa.

Ɗan Kusiri

Oga Maƙeri, ƙari ɗaya a kan awonka, don wanda odarsa za ta iso daga baya. Kayan Amurka irin na kamfanin YakAttack bulon inci suke zuwa da shi, wanda ake rubuta 1/4-20: kaurin jiki milimita 6.35, tazarar tiredi 1.27. Namu M6 kauri 6 ne, tazara 1. A ido kamar ɗaya suke, amma notin M6 ba ya hawa bulon inci, notin inci kuwa a kan M6 zai ɗan shiga ya cije, in an tilasta masa tiredin ya cinye. Kan bulonsu kuma mai siffar T ne, yawanci faɗinsa rabin inci, wato 12.7. Saboda haka mai jiran irin wannan kaya ya buɗe kwarmin ciki zuwa 13.5, bakin sama 7, falankin tsakiya ya zama mai faɗin 13. In ba haka ba kayan su iso ya tarar ba sa shiga relin da ya sha wahala a kai.

Kan M6 mai kusurwa shida ƙasa da milimita 2 yake kamawa kowane gefe a ƙarƙashin leɓen. Ya isa ga waya ko fitila. Ga mariƙin sanda, a yanka ɗan falankin inoks mai kauri 4, tsawo 25, faɗi daidai kwarmi, a huda a yi masa tiredin M6, shi ya zama kan. A sa biyu a kowane mariƙi.

Dattijon Lagdo

Yarana, kun yi ta maganar reli, alhali ba reli ke karyewa ba, jikin kwale-kwalen ne ke yagewa. Robar nan kaurinta milimita 3 zuwa 5 ne kawai a saman. Ku yi lissafi: mariƙi mai tsayin santimita 25 a kan reli mai faɗin 4, in kifi ya ja da ƙarfin kilo 5 a samansa, abin da ke fizgar bulon a gindi ya haura kilo 30. Giwan ruwa ko tsage in ya ɗauki ƙugiya kana tafe, fizgar farko ba a hankali take zuwa ba.

Don haka dole a sa matashi daga ciki. Katakon roba na yanka nama mai kaurin milimita 10, a yanka shi ya fi relin da santimita 2 ta kowane gefe, a goge kusurwoyinsa. Jerin daga sama zuwa ƙasa: reli, robar tiyub ɗin babur da aka yanka daidai gindinsa, jikin kwale-kwale, matashi, washa mai faɗi, noti mai robar kulle. A shafa ɗan giris a tiredi kafin ɗaurewa, domin inoks a kan inoks yakan cije busasshe, ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai an yanke. Giris ɗin kuma a shafa a hujin alminiyam, yana rage farin garin da ke fitowa inda ƙarfen biyu suka haɗu a jiƙe. A ɗaure da hannu har tiyub ya fara kumburowa a gefe, a tsaya. In saman kwale-kwalen ya loɓa, an wuce.

Sukuru mai cin kansa a cikin roba kaɗai, ku bar shi ga abin da bai wuce nauyin kofi ba. Kuma ko reli ya yi ƙarfi yaya, a sassauta birkin injin zare in sanda tana cikin mariƙi, a ɗaure sandar da igiya a jikin kwale-kwale.

Mai Fatsa, Garwa

Allah ya ƙara girma Baba. To wanda kwale-kwalensa rufaffe ne, hannu ba ya kaiwa ƙarƙashin wurin, yaya zai sa matashin? Kuma silikon ba zai maye gurbin tiyub ba?

Dattijon Lagdo

Silikon ba ya kama wannan robar, haka ma yawancin gam. Zai zauna kamar ya kama, bayan 'yan makonni ka ɓare shi da farce. Matsi ne ke hana ruwa shiga, shi ya sa tiyub ko tef ɗin butil, wata roba mai ɗanko, ya fi.

Matashi kuwa janyo shi ake yi. Ka ɗumama notin M5 ka nutsa su cikin hujin matashin ta ƙasa har su zauna daram, hujin ya ɗan fi notin ƙanƙanta. Ka ɗaura guntun tsinken ƙarfe mai tiredin M5 a hujin farko da na ƙarshe. Ka zura zaren fatsa mai kauri ta hujin kwale-kwale guda biyu, ka kamo su da waya ta ƙofar ajiya, ka ɗaure a kan tsinkunan da tef, ka ja a hankali har su leƙo. Ka ɗora reli, ka ɗaure sauran bulon shida, sannan ka cire tsinkunan ka sa na gaskiya. In babu ƙofar ajiya kusa, ko ka buɗe ƙarama mai murfi ta santimita 15, ko ka yi amfani da ribet mai buɗewa gida uku, na milimita 4.8 a huji 5. Ribet na gama-gari kumburinsa ƙarami ne, yana zarewa ta cikin roba.

Malamin Fasaha, N'Djamena

Abin da ba a faɗa ba shi ne zafi, kuma shi ya bambanta mu da waɗanda suka tsara kayan nan. Daga Maris zuwa Mayu inuwa kanta tana wuce digiri 40, saman kwale-kwalen da ke rana ya fi haka nesa. Robar kayak tana miƙewa kusan milimita 0.15 zuwa 0.2 a kowace mita a kowane digiri, alminiyam kuwa 0.023. A kan reli mai santimita 60, in zafi ya ƙaru da digiri 30 daga asuba zuwa azahar, roba za ta miƙe kusan milimita 3, reli bai kai rabin milimita ba. Bambancin nan a kan bulon bakin yake sauka: hujin ya zama doguwa, ruwa ya fara tsatsafowa, ko saman ya yi tozo tsakanin bulon da bulon.

Maganinsa gajerun reli biyu na santimita 25 ko 30 maimakon dogo ɗaya. A yi hudar da hantsi a inuwa, ba da sanyin asuba ba, ba kuma bayan kwale-kwalen ya wuni a rana ba. Bayan fita biyu ko uku a sake taɓa notin, domin roba takan ɗan kwanta a ƙarƙashin matsi. Kada a shafa wa reli baƙin fenti, yana ƙona fata.

Wurin ɗorawa ma a gwada kafin huda. A manna relin da tef, a zauna a ruwa marar zurfi, a yi tuƙi ashirin da ƙarfi. Inda hannu ko filafili ya taɓa, ba nan ba ne. A bar gefe ɗaya na wurin zama babu komai, ta nan za a hau in kwale-kwale ya kife. A Shari da Binuwai akwai dorina, ba wurin daɗewa cikin ruwa ana fama da hawa ba ne. Kada a huda ƙasa da inda ruwa ke kaiwa. A fara da bakin huda na 3, sannan 5, a naɗa masa tef a santimita 1 don kada ya zarce ya huda ƙasan.

Ɗan Kusiri

Wanda ya riga ya huda ba daidai ba, ana toshewa. A nemo jarka mai alamar 2 a cikin kusurwa uku a gindinta, ko an rubuta HDPE ko PEHD. Mai alamar 5 wata roba ce, ba sa narkewa su haɗu. A yanka siriri, a kankare bakin hujin, a narkar da shi da ƙarfen walda na masu gyaran rediyo, ana narkar da bakin hujin tare da abin cikon. Robar tana narkewa wajen digiri 130, in ta fara hayaƙi tana baƙi an ƙona ta, ba za ta riƙe ba. Kayak na hurawa kuma ba a huda shi sam. Katako mai fenti ake gittawa a ɗaure da maɗauri, reli ya hau kan katakon.

Maƙerin Alminiyam, Marwa

Malam Mai Fatsa, tunda mariƙin ma yana cikin odar da ta maƙale, yi na bututu kafin nan. Bututun ruwa na PVC mai kauri, faɗin 40 ko 50, tsawon santimita 25. Ɗumama bakinsa ka danna a wuyan kwalba ya buɗe, ka tsaga masa gurbi mai faɗin santimita 2 inda ƙafar injin zare za ta zauna, ka gitta bulon a gindi don sandar ta tsaya. Ɗaure shi da bulon biyu a jikin alminiyam mai kusurwa, 40 da 40, kauri 4, shi kuma ya hau reli. Bututun wayar lantarki siriri ne, rana tana busar da shi ya fashe.

Bakin reli na baya a bar shi a buɗe, ƙurar hunturu da yashi su sami hanyar fita, a riƙa wankewa da ruwa ba da mai ba, mai yana tara yashi. Kafin a je tafki a ɗaura jarka mai lita 10 a saman mariƙin da igiya, a karkata kwale-kwalen ta rataya minti goma, a duba ko saman ya ɗago kusa da bulon. Sannan a kwarara bokiti biyu a kan relin, a leƙa ciki da tocila.

Mai Fatsa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta wa shagon su raba odar su soke relin. Zan yanka biyu na santimita 30 da kwarmin 13.5 kamar yadda Ɗan Kusiri ya ce. Baba, katakon yanka naman da na samu a kasuwa kaurinsa milimita 8 ne, in ninka biyu ko ɗaya ya isa?