Zaman zane ga masu ciwon endometriosis a Jos: yaya ake tsara shi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Wata ƙungiyar mata a Unguwar Rogo ke son buɗe zaman zane da aikin hannu ga masu endometriosis, wato ciwon da tsoka mai kama da ta cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa. Yaya za a yi ya amfane su, kada ya tsaya a hira kawai?

Anti Saratu: Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Kada ku wuce mutum 8, kuma awa ɗaya da rabi ta isa, don dogon zama a tabarma yana tayar da ciwon mara. Ku fara da zanen jiki. Kowace ta zana siffar mace gaba da baya a kwali, ta shafa ja inda ke sukarta, baƙi inda ke mata nauyi, ta rubuta ƙarfin zafin daga 0 zuwa 10. A gida ta ci gaba kullum da kwanan wata, har al'ada 3 ta zagayo. Tsokar nan mai kama da ta cikin mahaifa tana iya tsirowa a ƙwan mace, hanji ko mafitsara, shi ya sa wata ke jin zafi wajen bayan gida ko saduwa. Abin da kunya ta hana ta faɗa wa likitan mata a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), sai ta miƙa masa a takarda.

Hajiya Binta: Ni abin da nake jiye muku bakin mutane ne. A kafa doka tun ranar farko: ba ɗaukar hoto, ba tambayar "yaushe za ki haihu", ba tallan maganin sanyi. Da yawa sun shekara suna shan maganin sanyi alhali ba shi ne ciwonsu ba. Kuma kada kowa ya fassara zanen wata, ita za ta yi bayani in ta ga dama.

Sista Rifkatu: Ƙari kan maganar Hajiya, zanen yana rage ƙunci da kaɗaici ne, ba ya narkar da tsokar. Mai shan maganin rage zafi na ibuprofen ta fara kwana ɗaya kafin al'ada, bayan ta ci abinci, mai gyambon ciki kuwa ta tuntuɓi likita tukuna. Idan hoton ciki bai nuna komai ba, ba hujja ce cewa babu ciwon ba. Da sanyin Jos ɗin nan, ku ajiye filas ɗin ruwan zafi da roba ta gashin mara, a naɗe ta da tawul kada ta ƙona fata.