Kwamfuta za ta ga abin da malami bai gani ba a tatsuniya?

Auta: Assalamu alaikum 'yan gida. An amince mini da batun binciken digiri na biyu. Zan tattara tatsuniyoyin Hausa da aka riga aka buga, in zuba su a kwamfuta, ta ƙirga kalmomi da taurari da yadda labari yake juyawa. Kuma ina nan kan bakana a maganar da muka fara ranar suna a Daura: kwamfuta tana iya gano abin da mai karatu ba zai gano ba, ko da ya shekara 30 yana koyarwa.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, Auta. Amma mai shekara 30 ɗin nan ni ne, don haka bari in amsa. Me za ta gano? Cewa Gizo ya fi kowa fitowa? Wannan yaron da ke tallar ƙosai ma ya sani.

Auta: Allah ya ja kwana Kawu, ba raini ba ne. Ga misali. A Amurka akwai wasu maƙaloli 85 da aka rubuta tsakanin 1787 da 1788 don kare tsarin mulkinsu. An daɗe ana jayayya kan 12 daga ciki, Hamilton ne ya rubuta ko Madison. A 1964 masana lissafi biyu, Mosteller da Wallace, suka bar manyan kalmomi, suka bi ƙanana, irin namu "da", "a", "kan", waɗanda marubuci yake zubawa bai ma sani ba. Ƙirgen ya nuna hannun Madison. Idon mutum yana tsallake irin waɗannan kalmomi, shi ya sa aka daɗe ba a raba gardamar ba.

Kawu: To ai kin kawo mini hujja da kanki. Waɗannan mutum biyu ne sanannu, kowa da rubutunsa da za a gwada. Tatsuniya fa, ta wa ce? Ɗauki labarin Bayajidda. Na ji shi a bakin mutane da yawa a garin nan, kowa da inda yake tsayawa. Wani zai daɗe a Borno, wani a maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, wani kuma ba abin da ya dame shi sai tsohuwa Ayana da rijiyar Kusugu da ba a ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a. Hannun wa za ki nema a ciki?

Yaya Babba: Kawu, a nan kam ina ganin ita ce da gaskiya. Yawan bakunan nan shi ne aikin. Idan aka sami kala 50 na labarin, mutum ba zai riƙe su duka a ka ba. Na'ura za ta jera su, ta nuna wane yanki ne ba ya faɗuwa, wane ne sai a bakin 'yan wata unguwa. Kuma tunanin ya girmi kwamfuta. Wani ɗan Rasha, Propp, a 1928 ya zauna da tatsuniyoyin ƙasarsu kimanin 100, ya fitar da matakai 31 da suke ta maimaituwa. Da hannu ya yi. Ni inda nake jin tsoro daban ne, Auta. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Garin Daura da garin tuwo duk "gari" ne. Ga masu buga rubutu da ke zubar da lanƙwasa, baki da baƙi su zama abu guda. In ba ki zauna kin gyara da hannu ba, ƙirgenki zai fito da lamba mai kyau a kan shirme.

Auta: Wannan na sani Yaya, shi zai ci mini rabin shekara. Da littattafan Edgar, Baturen da ya tattara tatsuniyoyin Hausa, zan fara, guda uku da aka buga a Belfast daga 1911 zuwa 1913.

Kawu: Yawwa, nan nake jiranki. Na koyar da abin da ke cikinsu, ina kuma girmama su, don da babu su da abubuwa da yawa sun salwanta. Amma malamai maza ne suka rubuta wa Bature. Ke kuma a ɗakin wa kika ji tatsuniya? Mata ne masu abin, da daddare, yara sun kewaye su. A takarda babu tsamin bakin Gizo yadda ake kwaikwayonsa, babu waƙar da yara ke amshi, babu shirun da mai bayarwa take yi kafin Dodo ya fito har ƙaramin cikinku ya ƙanƙame ta. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ki ƙirga abin da ya rage a takarda, ki sa masa suna tatsuniyar Hausa, wasu su karanta su ɗauka iyakarta ke nan.

Auta: Wannan ta shige ni, Kawu. Amma ko shi ana iya gwadawa. In ɗauki muryar mata goma ko ashirin, in rubuta, in ajiye gefe da na Edgar. Idan waƙoƙi sun ragu a nasa, ko Ƙoƙi ta fi yin magana a bakin mata, ƙirge zai nuna da lamba, ba sai an ce ra'ayin Kawu ne ba.

Kawu: Idan haka za ki yi, ki gyara maganarki ta farko. Kunnenki ne zai fara aiki kafin na'ura.

Auta: Rabinta na janye. Rabin kuma sai sakamako ya fito.

Gwaggo: An karanta mini duk abin da kuka rubuta. Auta, tun rasuwar Inna ba wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", jikokin duk suna kan waya. Ina da wajen goma sha biyar da ban manta ba, uku da waƙarsu. Ki zo da abin ɗaukar maganar, amma bayan isha'i, ni ba na yi da rana. Ki taho da yaran gidan Yayanku, don ba zan iya ba wa waya labari ita kaɗai ba.